Irin lambu: yadda ake ajiye shi da lokacin mayar da shi ƙasa

Duk mai noman rani a fadamun Aliero, Jega ko Argungu ya san kuɗin da irin gwangwani ke ci. Shi ya sa da yawa ke son cire iri daga lambunsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Kowane kayan lambu ne ake cire irinsa?

A'a. In ka ga an rubuta F1 a jikin gwangwani ko leda, iri biyu ne kamfani ya haɗa aure. Shukar farko za ta burge ka, amma 'ya'yanta ba sa gado: wani ya fito dogo, wani gajere, wani ya zuba ƙananan tumatir. Kuɓewa, alayyafo, yakuwa, rama, kabewa da tumatir ɗan gida, waɗannan ka cire ba fargaba. Karas da kabeji kuwa zafin ƙasarmu ba ya barin su yi iri, sai dai a saya.

Daga wace shuka zan ɗauka?

A nan mutane suka fi cutar kansu. Sai an gama kai na kirki kasuwa, sannan a tattara ragowar ƙarshen ɗiba a ce shi ne iri. Tun ɗibar farko ka zaga, ka ɗaura tsumma a jikin shukokin da suka fi lafiya da yawan 'ya'ya, ka hana a taɓa su. Tumatir da tattasai su nuna jawur, kuɓewa ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa. Ka kuma lura, in tattasai na maƙwabtaka da barkono, ƙudan zuma kan haɗa su aure, baɗi ka tarar da tattasai mai yaji.

Me ya sa ake jiƙa irin tumatir?

Saboda yauƙin da ya lulluɓe ƙwayar yana hana ta tsira. Ka matse shi a kwano, ka bar shi kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami, ka wanke. Wanda ya taso saman ruwa fanko ne, a zubar. Sauran a baza a faifai cikin inuwa mai iska. Kada a shanya a kan kwanon rufi, ranar bazara dafa iri take yi.

To, bayan kwana nawa zan iya sake shukawa?

Tumatir da kuɓewa, da zarar sun bushe sarai suna tsira, ko da bayan mako ɗaya ne. Kuɓewa dai bayanta da tauri, gara a jiƙa ta kwana guda kafin shuka. Barkono da tattasai sun fi tsira daidai in sun huta 'yan makonni. Kabewa a bar ta a ɗaki kamar mako 3 bayan an cire ta, sannan a fasa, don irin na ci gaba da ƙosawa a ciki.

Sai dai tsira daban, amfani daban. Wanda ya cire irin tumatir a Fabrairu ya yi yafi nan take, furensa zai haɗu da zafin Afrilu ya zube. Ni a ganina gara ya haƙura sai lokacin yafin rani, wajen Satumba ko Oktoba.

Albasa fa?

Ita kam ba ta jira. Irinta ya fi na kowa saurin mutuwa: in ya wuce shekara guda, tsironsa ya ragu ƙwarai, alhali na tumatir kan kai shekara 3 ko 4 in ya samu ajiya. Ga shi kuma ana girbe shi ne bayan hunturu, dole ya ƙetare damina kafin a yafa shi, kuma laimar Agusta ce ke kashe shi. Wanda aka samu bana, bana za a shuka shi.

Ina ya kamata in ajiye?

A kwalba mai murfin da ke kamawa, da 'yar busasshiyar toka a ciki, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ka rubuta sunan iri da watan da ka cire shi. Kafin ka gyara fangali, naɗe ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, kada ka bari ya bushe, ka duba bayan kwana 7 zuwa 10. In 16 suka tsira, yafa yadda ka saba. In 10 ne, ninka yawan irin. Ƙasa da haka, nemi wani tun lokaci bai ƙure ba.