Waiwaye: Takarar manyan ƙasashe a kan Nijar, da abin da take jawo wa Maraɗi

Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina ba Hausawa suka shata ta ba. Ingila da Faransa ne suka ja layi a takarda a 1890, daga Say zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, suka sake zama a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransa ta ga rabonta ya yi ƙarancin rijiyoyin da sojanta za su bi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Da aka gama gyare-gyaren, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila, alhali har gobe sarkin garin nan Sarkin Katsina ake ce masa. Tun daga lokacin, duk sa'ad da manya suka sake lale, a kan wannan layin mutanen Maraɗi ke fara ji a jikinsu.

Bayan samun 'yanci a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa a 1961. Abin da Faransa ta fi sa wa ido shi ne yuraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971. Da Seyni Kountché ya kifar da Diori a 1974 ya sallami sojan Faransa, amma kamfanonin haƙar ba su motsa ba. Wato korar sojan Faransa da aka yi a 2023 ba ita ce ta fari ba, ko da yake samari da yawa haka suke zato. Sin kuwa ta bi ta ƙofar man fetur: rijiyoyin Agadem, matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, daga baya bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin.

Faɗuwar Gaddafi a 2011 da rikicin Mali suka mai da Nijar zangon sojojin waje. Faransa ta kafa rundunar Barkhane a 2014, Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, Tarayyar Turai ta zo da kuɗi don a tare hanyar 'yan ci-rani, aka yi dokar 2015 da ta karya sana'ar direbobin Sahara. Da Mali da Burkina Faso suka kori Faransa, sojanta kimanin 1,500 a Nijar suka tare.

Duk wannan hada-hadar arewa da yamma ta kalla. A shekarun ne kuma 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga dazuzzukan Zamfara da Sakkwato da Katsina, suna kore shanu suna sace mutane a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo jihar Maraɗi a 2019. Jiragen Agadas sun zame wa manomin Gabi, a yankin Madarunfa, inuwar giginya, na nesa ka sha. Abin da ya ɗan taɓuka shi ne sintirin sojojin Nijar da zaman da gwamnan Maraɗi ya yi da takwarorinsa na Katsina da Sakkwato da Zamfara.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan nan ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta ƙaƙaba takunkumi tare da barazanar yaƙi. Aka garƙame iyakar Ɗan Isa da Jibiya, Najeriya ta yanke wutar da ke shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, kayan gwari na ruɓewa a ciki. Shinkafa ta hau, magani ya yi wuya, tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara suka koma zaman jiran wuta, masu babura suka buɗe hanyoyin daji suna ɗauko buhu bibbiyu. A ganina abin da ya hana a gwabza ba tsoron wata babbar ƙasa ba ne, zumunci ne: sanatocin arewacin Najeriya suka ƙi amincewa da yaƙi, malamai da Muhammadu Sanusi na biyu suka yi tattaki har Yamai.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. An kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, da Mali da Burkina a Satumbar 2023, sojan Faransa na ƙarshe ya fita ranar 22 ga Disamba, masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurka ta bar Agadas a Agusta, ficewa daga CEDEAO ta tabbata a Janairun 2025, gwamnati ta ƙwace kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yuni. Masu cewa an sauya Faransa da Rasha ne kawai sun taƙaita labarin. Jiragen Bayraktar na Turkiyya tun zamanin Bazoum aka sayo su, Sin kuma da ake kira aminiya an kori manyan jami'an kamfanonin manta uku a Maris ɗin 2025.

Iyakar Najeriya an buɗe ta tun Maris ɗin 2024, amma Nijar ta bar ta Benin a rufe. Alhazan Maraɗi da suka gina arzikinsu a kan kayan Kwatano sai suka koma Lome, motoci na ratsa Burkina da rakiyar soja, kuɗin mota da na jinkiri duk a kan mai saye. Tsakanin Yamai da Abuja ma ba a gama shiryawa ba. A Disambar 2024 Tiani ya zargi Najeriya, da harshen Hausa, da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta, sai a Afrilun 2025 ministan harkokin wajenta Yusuf Tuggar ya je Yamai aka zauna. A cikin abubuwan da suka tattauna har da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021.