Mene ne panoptikon, kalmar da ke yawo a bakin ɗaliban falsafa?

Ɗalibin da ya zauna ajin falsafar zamani, ko ilimin zamantakewa, ko nazarin adabi, da wuya zango ya ƙare bai ci karo da panoptikon ba. Kalmar daga Girkanci take, tana nufin wurin da ake ganin kowa da komai. Jeremy Bentham, masanin shari'a ɗan Ingila, shi ya raɗa wa gidan yarin da ya zana wannan suna, ya buga tsarin a 1791. Gini ne zagayayye, ɗakunan fursunoni jere a jikin bango, hasumiyar gandiroba a tsakiya. Haske na ratsa kowane ɗaki, saboda haka daga hasumiya ana hango motsin kowa. Ita kuwa hasumiyar an lulluɓe tagoginta, fursuna ba shi da yadda zai san ko akwai mutum ciki. Gwamnatin Birtaniya ta yi ta ja wa Bentham rai, ba ta gina ba, a 1813 ta sallame shi da diyyar fam 23,000.

Wanda ya tono zanen ya mai da shi darasin jami'a shi ne Michel Foucault, ana furta sunan Fuko, masanin falsafa Bafaranshe da aka haifa a 1926 ya rasu a 1984. Littafinsa na 1975 kan tarihin horo da gidan yari ya buɗe da kisan Damiens a Paris a 1757, mutumin da ya daɓa wa Sarki Louis na 15 wuƙa. A bainar jama'a aka yage masa nama da awartaki mai zafi, aka ɗaure shi jikin dawakai suka ja. Ba tare da wani sharhi ba sai Fuko ya kawo jadawalin wani gidan tsare yara na bayan shekara tamanin: a buga ganga su tashi, a buga su shiga layi, lokacin aiki kaza, lokacin karatu kaza. Mai karatu zai ce ai tausayi ne ya shigo duniya. Fuko ya ce iko ne ya sake salo. A da iko yana huce haushi a jikin mutum ɗaya rana ɗaya, yanzu yana saita ɗabi'ar dubban mutane kullum, kuma da araha.

A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Sai ka ga an cika takardar jarrabawa da zancen kyamarar tsaro da leƙen asirin waya, an ɗauka shi ke nan. To, kallon ba shi ne cibiyar maganar ba. Cibiyar ita ce rashin tabbas. Tun da fursuna bai san lokacin da ake kallonsa ba, dole ya zauna kamar kullum ido na kansa, har ta kai ko hasumiyar babu kowa, shi ne gandiroban kansa. Duk wanda ya rubuta jarrabawa mai sa ido na tsaye a bayan aji ya san wannan zaman. Fuko ya ga tsarin a bariki, da makaranta, da asibiti, da masana'anta, wuraren rajista da maki da fayil.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa aikinsa kan tarihin jima'i, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1976. Turawa na yawan cewa kakanninsu sun toshe bakin kowa kan wannan batu. Fuko ya musa, ya ce surutu ma aka tilasta. Tun 1215 Cocin Katolika ya wajabta wa mabiyansa iƙirarin zunubi a gaban fada, wato limamin coci, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a ƙarni na 19 likitoci da malamai da masu duba taɓin hankali suka gaji kujerar mai sauraro. Mutum ya faɗi sirrinsa, gwani ya rubuta, a ba shi suna da aji, shi kuma ya karɓi sunan a matsayin gaskiyar ko wane ne shi. A juzu'i biyun da suka fito a 1984 ya koma ga Girkawa da Romawa, irin su Seneca, masanin falsafa Barome, mai yi wa kansa hisabin yini kafin barci, yana neman yadda mutum zai gina kansa ba tare da hasumiyar wani ba.

Sukar da aka yi masa tana da nauyi, kuma a ganina malamin kirki ba zai ɓoye ta ba. Masana falsafa Jürgen Habermas da Nancy Fraser sun tambaya: in iko na ko'ina, har cikin ilimi da lamiri, da wace hujja za a ce wannan zalunci ne a tashi a yaƙe shi? Ga kuma giɓin mulkin mallaka. Fuko ya koyar a Tunis, babban birnin Tunisiya, daga 1966 zuwa 1968, amma kusan duk misalansa na Turai ne. Masana biyu, Edward Said a littafinsa na 1978 da V. Y. Mudimbe ɗan Kwango a nasa na 1988, su suka ɗauki kayan aikinsa suka auna yadda Turai ta ƙera hoton Gabas da na Afirka.