Binciken Sinadaran Tsirrai da Kwamfuta Domin Maganin Ƙiba

Wannan reshe ne na kimiyyar haɗa magunguna da ke amfani da kwamfuta wajen hasashen waɗanne sinadaran tsirrai ne za su iya rage ƙiba, tun kafin a kai su ɗakin gwaje-gwaje. Buƙatar babba ce: a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum 1 cikin 8 na fama da matsananciyar ƙiba a shekarar 2022.

Furotin ɗin da aka fi sa wa ido shi ne lipase, wanda fankiriyas, wani sashe na jiki da ke bayan tumbi, ke zubawa cikin hanji don ya farfasa maiƙon abinci. In aka daƙile shi, wani kaso na maiƙon sai ya fita a bayan gida ba tare da jiki ya tsotse shi ba. Haka orlistat ke aiki, maganin da Amurka ta amince da shi a 1999, wanda ke hana tsotsar kusan kashi 30 cikin 100 na maiƙo. Sai dai yana kawo gudawa mai maiƙo, shi ya sa ake neman madadinsa.

Mai bincike kan ɗauko siffar furotin daga rumbun Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971, siffofin sinadarai kuma daga rumbun PubChem. Daga nan manhaja irin AutoDock Vina ta riƙa jujjuya kowane sinadari a kogon furotin, tana auna ƙarfin kamunsa. Waɗanda suka yi fice sai a tankaɗe su da ƙa'idar Lipinski ta 1997, wadda ke duba siffofin sinadari irin su girmansa, a ga ko za su shiga jini idan aka sha. Sinadaran da suka fi yawan fitowa sun haɗa da EGCG na koren shayi, da curcumin na kurkum, da quercetin na albasa.

Amfanin hanyar a fili yake, tunda tana rage kuɗi da lokaci ƙwarai. Amma maki mai kyau a kwamfuta hasashe ne kawai, kuma abin takaici, bincike da dama a nan suke tsayawa. Curcumin kan yi kyau a lissafi, alhali kaɗan ne ke kaiwa cikin jini, hanta kuma ta sarrafa shi da wuri. Zancen cewa abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa shi ma kuskure ne mai haɗari: a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta danganta shan miligiram 800 na EGCG a rana da alamun lahani ga hanta. Sai sinadari ya wuce gwaji a ƙwayoyin halitta, da dabbobi, da mutane, sannan hukumomi ke karɓarsa a matsayin magani.