Ma'anar "emerging field": fannin da ya fara kunno kai

Duk mai fassara labaran kimiyya daga Turanci ya sha cin karo da "emerging field". Yawancinmu mukan rubuta "sabon fanni" mu wuce. Ni dai ban gamsu da wannan fassara ba, domin akwai abin da take ɓoyewa.

Kalmar "emerge" daga Latinanci ta samo asali, inda take nufin abu ya taso daga cikin ruwa. Abin da ya taso daga ruwa kuwa da ma yana nan a ƙasa, ido ne bai kai gare shi ba. Saboda haka idan Bature ya kira wani fannin bincike da wannan suna, ba yana cewa jiya aka haife shi ba ne. Cewa yake yanzu ne ya fito fili, ya fara samun malamai da ɗalibai da mujallunsa na kansa, masu kuɗi kuma suka waiwayo shi. Hausa tana da maganar da ta yi daidai da wannan: kunno kai.

Ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta ishe mu misali. Tun a 1955 John McCarthy ya raɗa mata suna, a takardar shirya taron masana da aka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956. Amma sai da ChatGPT, manhajar da ke hira da mutane, ta fito a watan Nuwamba na 2022 sannan zancen ya shiga kasuwa da majalisar masu shayi. Shekara 66 ke nan bayan taron Dartmouth. Ina sabunta a nan?

Akwai 'yan uwan kalmar, kowacce da inda ta dosa. "Burgeoning" daga kalmar Faransanci ta toho take, ana nufin fannin yana bunƙasa da sauri. "Nascent" kuwa haihuwa ce tushenta, wato abin bai daɗe da faɗowa duniya ba.

Wadda ta fi damuna ita ce "in its infancy". Tushenta na nufin jaririn da bai buɗe baki ba. Masani yakan faɗe ta ne don ya ja kunne: fannin rarrafe yake yi, kada a aza masa kaya tukuna. Idan mai fassara ya mayar da ita "sabon fanni", jan kunnen ya salwanta, sai albishir kawai ya rage.

Ga inda abin yake taɓa mu kai tsaye. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar CRISPR ta gyaran ƙwayoyin gado, suka samu kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka yi da wannan dabara. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, kuma sai an ciro ƙwayoyin da ke haifar da jinin majinyaci, an gyara su, an ba shi magani mai ƙarfi da zai share ɓargonsa, sannan a mayar masa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila. Uwar da ta kwana tana jinyar ɗanta, idan ta ji a rediyo an ce an samo sabon magani, da sassafe za ta fara cigiyar inda ake sayar da shi. Haƙƙinta ne a gaya mata cewa maganin gaskiya ne, amma fannin yanzu ya fara tatata.