Ba kowace ƙwaya a cikin dabba ce cuta ba

Da yawa daga cikin masu kiwo a Jos mun taso da tunanin cewa duk bakteriya cuta ce. Sunan ma da muke kiranta, "ƙwayar cuta", ya ƙara rikita mu. Shi ya sa da akuya ta ɗan yi sanyi sai a ɗura mata maganin kashe ƙwayoyi.

Alhali saniya ba ta iya narkar da ciyawa ita kaɗai. Biliyoyin ƙwayoyin da ke zaune a tumbinta ne ke sarrafa harawa da dusa, su fitar da sinadaran da ke ba ta mafi yawan ƙarfinta. A hanjin kaji kuwa akwai Lactobacillus, dangin wadda ke mai da madara kindirmo. Tsamin da take fitarwa yana hana Salmonella, wata ƙwaya mai cutarwa, sakewa.

Magani ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa. Idan aka yawaita shi, sai ka ga dabba ta rage tuƙa, zawo ya biyo, ta rame. Abin yana damuna, musamman da yake ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a kusa da mu tun 1924, kuma likitocin dabbobi ba su yi mana nisa ba.