Waiwaye: Tun 1989 aka san inda makullan intanet ke da rauni

Tun da hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle bayanai a watan Agustan 2024, ake ta cece-kuce kan ko kwamfutar kwantam, wata sabuwar irin kwamfuta da ke aiki da ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyin zarra, za ta ɓalle makullan bankuna da na wayoyi. Masu wannan magana kan ɗauko zancen daga 1994, lokacin da Peter Shor ya nuna yadda irin wannan na'ura za ta warware lissafin da RSA, ɗaya daga cikin manyan makullan intanet, ya dogara a kai. Amma tushen ya girmi Shor.

Masana lissafi Cook a 1971 da Karp a 1972 sun fito da tambayar P da NP, wato ko duk lissafin da ake iya duba amsarsa cikin sauri ana iya warware shi cikin sauri, wadda har yau ba a amsa ba. Diffie da Hellman a 1976, da masu RSA a 1977, sun gina makullai bisa zaton cewa wasu lissafai suna da wuya, kuma babu wanda ya tabbatar da hakan.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin Russell Impagliazzo da Steven Rudich na 1989. Sun ɗauki wani rufaffen akwati da ake jefa wa tambaya ya ba da amsar da ba ta bin wani tsari, ba a kuma ganin cikinsa. Sai suka tambaya: mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, za su iya shirya mabuɗin sirri da wannan akwati kaɗai, alhali wani na sauraronsu? Ralph Merkle ya gwada tun a 1974. A dabararsa, idan kowannensu ya yi tambaya miliyan ɗaya, mai sauraron sai ya yi kusan tiriliyan ɗaya. Da jin adadin kamar ya isa, amma injinan yau ba sa ɗaukarsa aiki. Impagliazzo da Rudich sun tabbatar cewa kowace dabara irin wannan, mai sauraron zai cim mata da tambayoyin da ba su fi ƙarfinsa ba. A 2009 Barak da Mahmoody suka nuna cewa tazarar da Merkle ya samu tsakanin aikin mutum biyun da na mai sauraro ita ce iyaka.

A ganina, nan gizo ke saƙa. Tunda akwatin bai wadatar ba, dole a jingina da lissafi mai tsari a cikinsa, kamar ninka manyan lambobi, kuma ta wannan tsarin Shor ya shiga. Makulli irin AES kuwa, wanda ɓangarorin biyu sun riga sun mallaki mabuɗi ɗaya, dabarar kwantam ta Grover ta 1996 rage yawan gwajin mabuɗai kawai take yi, kuma Bennett da abokansa sun nuna a 1997 cewa laluben makafi a akwati ba zai wuce saurin nan ba. Shi ya sa tsawaita mabuɗi ke wadatarwa ga irin AES.

Sababbin makullan NIST, waɗanda aka ƙera don su jure kwamfutar kwantam, su ma kan zato suke zaune, an dai canja irin lissafin ne. SIKE, ɗaya daga cikin makullan da suka yi nisa a gasar da NIST ta shirya don zaɓen sababbin makullan, Castryck da Decru sun karya shi a 2022 da kwamfuta ta yau da kullum.