Mene ne berni, kuma wanne ya dace da teburin kicin?

Duk wanda ya taɓa ba kafinta aikin tebur a Garwa ko Marwa ya ji tambayar nan: "Alhaji, fenti za a shafa ko berni?" Mukan ce berni, shi ke nan, a zatonmu abu guda ne. Kalmar daga Faransanci ta zo, vernis, 'yan uwanmu na Najeriya kuwa banish suke cewa. Ruwa ne mai ɗan kauri da ake shafa wa katako, in ya bushe ya zama wata siririyar fata da ake hango zanen katakon ta cikinta. Fenti ɓoye katako yake yi, berni kuwa kare shi yake yi ya bar kyansa a fili.

Amma fa suna ne ya zo ɗaya, abin da ke cikin gwangwanin iri-iri ne.

Kafintoci da yawa sun fi son wanda ake kira selulozik, kuma ban ga laifinsu ba. Cikin 'yan mintuna yake bushewa, a yini ɗaya an gama tebur yana walƙiya kamar madubi. Ga kabad ko gado ba shi da aibu. Kicin ne ke tona masa asiri. Da shi aka gama teburin katakon iroko da na sa aka yi wa mahaifiyata. Bai yi wata biyu ba ta kira ni, ta nuna mini farin zobe daidai gindin butar shayi, ta ce, "Kai, wannan tabon fa ya ƙi fita." Ta goge ta goge. Ba datti ba ne, zafi ne ya sassauta fatar bernin, tururi ya shige ya maƙale a ciki.

Wanda ya dace da wurin da ake ɗora kwanon miya, manja ya ɗiga, a bi da jiƙaƙƙen tsumma sau uku a rana, shi ne foliyuretan. A jikin gwangwani za ka ga polyuréthane. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro sinadarin a Jamus a 1937. Fatarsa ta fi tauri, ta fi jure ruwa da maiƙo da ɗumi. Sai dai yana son haƙuri: shafa uku, kowace a bar ta ta kwana, a bi ta sama-sama da samfefa mai laushi, lamba 240 ko 320, kafin a ƙara wata. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin bushewa daban, nuna daban. Washegari ka taɓa bai kama hannu ba, amma irin mai haɗin mai yakan kusa wata guda kafin ya kai ƙarshen taurinsa. A tsakanin nan a lallaɓa teburin.

Akwai masu cewa a shafa mai kawai. Man lin (huile de lin, wanda ake matsowa daga 'ya'yan tsiron lin) yana shiga jikin katako, gyaransa da sauƙi, amma bai tare ruwa sosai, sai an riƙa maimaitawa. Tsumman da aka shafa shi da shi kuma kada a dunƙule a ajiye, yana iya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe. Man gyaɗa kam a bar shi a tukunya, wari yake yi a jikin katako.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasan tebur. Katakon iroko da safeli da ayus daga dazukan kudu da gabashin Kamaru suke zuwa, da yawa ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan manyan motoci su hauro da su har Injamena. Sau da yawa da sauran danshi a jikinsu suke isowa. Hunturu ya busa, zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40, katako ya tsuke. Damina ta sauka ya kumbura. In sama kaɗai aka shafa, ƙasan ne zai yi ta shan danshi yana saki, sai ka ga tebur ya lanƙwashe ko ya tsage. Dole a shafa ƙasa da baki-baki. Iroko kuma yana da maiƙo a jikinsa mai jinkirta bushewa, shi ya sa ake fara goge shi da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. In lokacin hunturu ne, a yi aikin cikin ɗaki, a yayyafa ruwa a daɓe don ƙura ta kwanta.

Teburin mahaifiyata sai da aka kankare shi tas har katako ya fito. Wannan karon na ce wa kafintan, "Malam, nuna mini gwangwanin tukuna." Ya nuna, ya yi shafa uku sama da ƙasa. Duk da haka na haɗa mata da ɗan faifai na ɗora buta, don tukunyar da aka sauke yanzu daga murhu ko foliyuretan ba ya iya mata.